Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Na'urar Auna Zafi Da Laima

Zuwa ga Manajan kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, sau uku ina aika wa ofishinku saƙo, sau uku ana ce mini a yi haƙuri ana dubawa. Shi ya sa yau na fito da maganar fili, don na san ba ni kaɗai na sayi wannan na'ura ba.

Dabino nake sayarwa a Kano, kuma sitona a cikin gida yake. Ɗaki ne guda da na toshe tagoginsa, na sa masa na'urar sanyaya ɗaki. Bayan Hajjin 2025 na zuba jarina a dabinon Ajwa ta Madina da Sukkari ta Ƙasim a Saudiyya da Mazafati na Iran, da kuma busasshen dabinonmu na Agadas. Wanda ya san sana'ar ya san damina ce abokiyar gabarmu. A hunturu iskar Kano kan bushe har laima ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, amma a watan Agusta takan haura 80. Shi kuwa dabino zuƙar danshi yake yi daga iska. Muddin laimar ɗaki ta wuce kashi 75, mai taushi zai fara tsami, fumfuna ta biyo baya.

Don haka na sayi na'urarku. A jikin kwalin an rubuta cewa an ƙera ta ne domin ɗakunan ajiyar giyar inabi irin na Turai, inda ake son sanyi ya tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, laima kuma tsakanin kashi 60 da 70, don kada toshiyar kwalba ta bushe. Na tambayi yaron shagonku ko za ta yi mini aiki a kan dabino. Ya ce, "Alhaji, zafi zafi ne, laima laima ce, da zarar ta wuce iyakar da ka sa mata wayarka za ta yi ƙara." A kan wannan magana na biya.

Tun daga Yuli har tsakiyar Agusta manhajarku ta waya tana nuna mini laima kashi 64, 66, wata rana 67. Hankalina a kwance. Ran da na buɗe katan ɗin Mazafati na ƙasa, warin tsami ne ya fara tarbata. Kwalayen sun yi laushi kamar an yayyafa musu ruwa. Katan 11 na zubar, Sukkari kuma na karyar da shi a kan rabin kuɗi bayan na gaya wa masu saye halin da yake ciki. Na Agadas kaɗai ya tsira.

Ban zarge ku ba sai da na gwada. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: a zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da na'urar a cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar shi ya kwana. Iskar da ke ciki za ta tsaya a kashi 75. Taku ta nuna 61. Na sake, ta nuna 62. Ke nan duk ranar da take ce mini 66, ɗakina yana wajen 80, kuma babu wani wuri a manhajar da mutum zai gyara wannan kuskure da kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun wuta. Na'urar tana da batir, amma ba ta iya aika saƙo sai ta intanet ɗin gida. In aka ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, intanet ya mutu tare da ita, wato a daidai lokacin da zafi ke hawa ne take yin shiru. Ba ta kuma ajiye abin da ta auna a waɗannan sa'o'i. In wuta ta dawo sai manhajar ta ja layi miƙaƙƙe daga awon ƙarshe zuwa sabo, kamar ba abin da ya faru. Ranka ya daɗe, a Najeriya kuke sayar da ita, kun san yadda wutarmu take. Me ya hana ku rubuta wannan a jikin kwali? Na ga masu kyamis suna sayenta don lura da insulin, allurar masu ciwon sukari, wanda ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8. Ni dabino na yi asara, su kuwa ran mutane ne a hannunsu.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin na'urar, ku zauna da ni a kan asarar kayan, ku kuma sanar da duk wanda ya saya cewa ya yi gwajin gishiri kafin ya dogara da ita. Rasit da hotunan kayan da na gwajin suna hannuna. Idan mako biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai su hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Naku,
Mai sayar da dabino, Kano