Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Alabama Kay Ivey: wa ya kashe A'Donte Washington?

Ranki ya daɗe, barka da aiki. Na san ba kya jin Hausa, ki sa a fassara miki, ni dai da harshen da nake yi wa ɗana faɗa da shi zan yi wannan maganar don shi ne ke fitar min da abin da ke cikina. Ni mazaunin Montgomery ne, direba, ina biyan haraji kamar kowa, kuma kusan kullum sai na bi hanyar I-65 na wuce ta gefen Millbrook.

Tambaya ɗaya na zo da ita. Wa ya kashe A'Donte Washington?

Kin san labarin ai, ba sai na ja ba. Watan Fabrairu 2015 yara biyar suka fasa gidajen mutane a Millbrook da rana, 'yan sanda suka zo, aka yi harbe-harbe, ɗan sanda ya harbe A'Donte mai shekara 16 ya mutu. Babu wanda ya taɓa musun wannan, ɗan sandan bai musa ba, mai gabatar da ƙara bai musa ba, har kyamarar da ke jikin ɗan sandan ta ɗauka. Aka bincika aka ce ɗan sanda bai yi laifi ba, to shikenan mun ji, an ce yaron da bindiga ya nufo shi, ni ban zo yi wa ɗan sanda shari'a ba. Amma sai aka waiwayo aka ce tunda dai an mutu dole a samu mai kisa, sai aka ɗora wa abokan mamacin, ciki har da LaKeith Smith mai shekara 15 wanda bai harbi kowa ba. Wai shi ya kashe abokinsa. Da me? Da gudun da ya yi?

Aka ce ya amsa laifi a ba shi shekara 25, ya ce shi bai kashe kowa ba, ya ƙi. A 2018 alƙali Sibley Reynolds ya zabga masa shekara 65, 30 na kisan, 15 na fasa gida, goma-goma na sata biyu, a jere ɗaya bayan ɗaya. Har ana ta yayata cewa yaron ya yi dariya a kotu, wai alamar bai yi nadama ba. Ranki ya daɗe, duk wanda ya raini ɗa namiji ya san wannan dariyar, ta wanda cikinsa ya ɗuri ruwa ce yana ƙoƙarin kada a ga hawayensa. A Maris 2023 aka sake zama, mahaifin A'Donte da kansa ya zo kotu ya tsaya wa yaron, uban mamaci fa, mutumin da ya fi kowa haƙƙin fushi. Duk da haka abin da aka iya shi ne a mayar da shi shekara 30, tambarin mai kisa kuma yana nan a goshinsa.

Kada ki ɗauka wanke shi na zo yi. Ya shiga gidan mutane ya yi sata, kuma na san zafin abin don an taɓa fasa min mota aka kwashe komai har da takarduna, sati na yi ina kwana da baƙin ciki. A hukunta shi a kan satar, ya sha ɗaurin da ya dace da ɓarawo. Abin da hankalina ya kasa ɗauka shi ne wannan dokar da lauyoyinku ke kira feloni mada, wadda ta ce in dai kana cikin aikata babban laifi aka samu wani ya mutu to kai ka kashe shi, ko ba ka riƙe makami ba, ko ba ka yi niyya ba, ko ma jami'in gwamnati ne ya danna kunamar bindigar. Mai gabatar da ƙara ba sai ya wahalar da kansa wajen nuna niyya ba, ya nuna satar kawai ya nuna gawa, ya haɗa su, an gama. Mu wannan a wurinmu sunansa an bar jaki ana dukan taiki.

Na san me masu kare dokar ke cewa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, da ba su je ba da ba a mutu ba. Wani abokina ma a masallaci ya kawo min maganar Sayyidina Umar da ya kashe gungun mutane saboda mutum ɗaya a San'a. Na ce masa malam waɗancan su suka haɗu suka kashe mutumin da hannunsu da gangan, nan fa abokinsu aka kashe musu. Alƙur'aninmu ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, ke ma da kike zuwa coci ki buɗe Ezekiyel sura ta 18, maganar tana nan.

Sun kuma ce dokar tana tsoratar da masu laifi. Tsoratar da wa? Bari na gaya miki yadda na gane ba ta tsoratar da kowa. Ɗana shekararsa 19, wani daren Asabar muna falo ina cin abinci wayarsa ta yi ƙara, na ji yana cewa to bari na tambayi baba, ya juyo ya ce abokinsa na son aron mota awa ɗaya kawai. Na ajiye cokali na ce ina za shi? Ya ce bai sani ba, wai ai ba a tambayar aboki irin wannan. Sai na ba shi labarin Ryan Holle na Pensacola a Florida maƙwabciyarmu, ɗan shekara 20 da ya ba abokinsa aron mota a 2003 ya koma ya kwanta barci, su kuma suka je fashi aka kashe wata yarinya mai shekara 18, shi da yake gida a kan katifa aka ɗaure shi rai da rai, sai 2015 aka sassauta masa zuwa shekara 25. Wallahi ɗana dariya ya yi, ya ce baba ka cika ƙari, wace ƙasa ce za ta yi haka? Yaron da ya gama sakandare a nan, ya karanta tarihin Amurka, bai taɓa jin dokar ba. To dokar da yara ba su san da ita ba sai ranar da aka karanta musu a kotu, wa take hanawa?

Kuma ku kanku kun san samari ba su gama hankali ba. A jihar nan mutum bai zama baligi a doka ba sai ya kai 19, ba zai sayi giya ko sigari ba sai 21, kamfanin inshora kuwa sai ya tatse ni saboda na sa sunan ɗana a mota, don sun san ɗan wannan shekarun in abokai suka ce taho sai ya bi. Ranar shari'a kuma sai ɗan 15 ya koma dattijo mai hangen duk abin da zai biyo baya. Babbar shari'ar da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2012 cewa yaro ba babba ba ne wajen hukunci, sunan jiharki ke kanta, Miller da Alabama. Ashe ba mu koyi komai ba.

Ingila da kuka gado dokar daga wurinta ta jefar da ita tun 1957. Kentucky da Hawaii ba su da ita. California ta rage mata ƙarfi a 2018, Illinois kuma a 2021 ta gyara daidai wannan wurin, ta ce in wani daban ne ya yi kisan, kamar ɗan sanda, ba za a jingina wa abokan tafiya ba. Na san za ki ce mu ba California ba ne, to Kentucky fa?

Yanzu za a ce min gwamnan Alabama ba ta da ikon yafe wa fursuna sai wanda aka yanke wa kisa, saura na hukumar afuwa ne. Na sani. Amma wa ke naɗa 'yan hukumar? Ke ce, kuma a 2023 cikin mutum 100 da suka nemi sakin talala ko goma ba su samu ba. Wa ke tsayawa gaban majalisa farkon kowace shekara ta faɗi dokokin da take so? Ke ce. Da kika so gina kurkuku ai zama na musamman kika kira a 2021, aka ɗebi dala miliyan 400 daga kuɗin tallafin korona aka zuba. Kin sha faɗa mana cewa matsalar kurkuku matsalar Alabama ce kuma Alabama ce za ta magance ta. To ga maganin mun gani, gini mai gado 4,000 da ya ci sama da dala biliyan 1, a gundumar Elmore, gundumar da aka yanke wa LaKeith hukunci, kuma aka raɗa masa sunanki. Barka da samun takwara, ranki ya daɗe.

Ki yi haƙuri, raina ne ya ɓaci. Ban manta da Nathaniel Woods da aka zartar wa hukuncin kisa a Maris 2020 a ƙarƙashinki ba alhali wani ne ya harbe 'yan sandan Birmingham ɗin, amma kuma ban manta a Fabrairu 2025 kin sauke wa Rocky Myers hukuncin kisa don kin ce kina da shakka ba. Wannan ne ma ya sa na zauna rubutun nan, da na san zuciyarki dutse ce da ban ɓata bakina ba.

Roƙona ƙarami ne. Kafin ki sauka a Janairu 2027, ki fito ki nemi a gyara dokar da bakinki: in jami'in tsaro ko mai gida ne ya yi harbin, kada a kira abokin mamaci mai kisa, kuma gyaran ya waiwayi waɗanda ke ciki yanzu a sake duba hukuncinsu, musamman waɗanda aka kama ba su kai 21 ba. Ba takara za ki sake yi ba balle a ce za a yi miki kamfen da shi. Maganar cunkoso da kashe-kashen cikin kurkukun da gwamnatin tarayya ta kai ku ƙara a kai a 2020, wannan sai wani jiƙon.

Wancan daren Asabar ɗin ban ba da motar ba, ɗana ya yi kwana biyu ba ya min magana sai gaisuwa. Har yau makullin a aljihun wandona yake kwana.

Naki,
Wani uba daga Montgomery