Maganar waƙar gargajiyar Ingila da ta Ireland

Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ba ni fili kan sharhin da kuka buga cewa wai kiɗan gargajiyar Ireland shi ne na asali, na Ingila kuwa ƙirƙirar 'yan boko ne. Gaskiya ban yarda ba, dukansu an sa musu hannu.

Na Ingila dai an san labarinsa, Cecil Sharp ya fara bin ƙauyukan Somerset a 1903 yana rubuta waƙoƙi daga bakin tsofaffi, kuma tabbas shi da ire-irensa sun tsaftace baitocin da suke ganin akwai batsa, suka ɗora musu fiyano aka kai makarantu yara suna rerawa. Amma ai ba su suka ƙago waƙoƙin ba, iyalan Copper na Rottingdean a Sussex tun kaka da kakanni suke rera nasu a gida.

To a zo kan Ireland ɗin da ake ta yabo. Babban littafin da makaɗansu ke ji da shi a Amurka aka haɗa shi, Francis O'Neill shugaban 'yan sandan Chicago ne ya fitar da shi a 1903 da kiɗa 1,850 a ciki. Michael Coleman mai goge ɗan yankin Sligo na Ireland a New York ya yi faya-fayansa, da suka iso gida sai matasa suka koma kwaikwayonsa har salon wasu yankuna ya dusashe. Bouzouki, abin kiɗa mai tsirkiya irin molo da yanzu ake ganin kamar gado ne, daga Girka ya zo a shekarun 1960, banjo kuma, shi ma mai tsirkiya, daga Amurka, asalinsa ma daga bayi 'yan Afirka ne. Kai har waƙar "Dirty Old Town" da kowa ke rantsuwa ta Ireland ce, Ewan MacColl ya rubuta ta a 1949 kan garin Salford na Ingila fa.

Inda na yarda da marubucinku shi ne su 'yan Ireland sun riƙe abinsu da ƙarfi, saboda mulkin Ingila ya sa kiɗan ya zama alamar su waye su, ga ƙungiyar Comhaltas da aka kafa a Mullingar a 1951 tana koya wa yara tana shirya gasa duk shekara. Su mutanen Ingila ba wanda ya matsa musu balle su ji tsoron rasa nasu, sai ya koma hannun 'yan tsiraru masu sha'awa. Don haka ya ce na Ireland ya fi rai da jama'a ba zan yi musu ba, amma ya janye maganar asali.

Naku,
Mai karatu a kullum