Malamin kwamfuta ya bar mu a tsakiyar hanya kan zanen ɗigo-ɗigo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in nuna rashin jin daɗina game da amsar da baƙon shirinku, malamin kwamfuta, ya ba wa mai sauraron da ya tambayi yadda ake haɗa alƙaluma iri-iri a zanen ɗigo-ɗigo (zanen da ke nuna alƙaluma da ɗigogi) na Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Cewa ya yi a zaɓi dukan jerin alƙaluman a danna maɓallin zane, sauran aikin kwamfuta za ta yi. Wannan amsa ba ta cika ba, kuma ni na bi ta har ta jawo mini kunya a gaban mutumin da nake girmamawa.

Ni ne nake riƙe wa kawuna lissafin cinikin albasa tun lokacin da aka tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie da ke Akara, a ƙasar Ghana, zuwa kasuwar Adjen Kotoku a shekarar 2021. Kayanmu daga Nijar suke zuwa, da sefa ake saye a can, a nan kuma a sayar da sidi, don haka kowane mako ina rubuta kwanan wata, yawan motocin da suka sauke kaya, farashin buhu, da yadda canjin kuɗi ya kwana. Daren da na saurari shirinku na zaɓi jerin nan huɗu gaba ɗaya kamar yadda malamin ya ce. Abin da bai faɗa ba shi ne, Excel yana ɗaukar jerin farko na hannun hagu ya shimfiɗa shi a ma'aunin kwance, sauran duka ya ɗora su a kan ma'aunin tsaye guda ɗaya, ba ruwansa da cewa wannan kuɗi ne, wancan ƙirgar motoci ce. Farashin buhu yana cikin ɗaruruwa, wani lokaci ya haura dubu, motoci kuwa ba su wuce a ƙirga su da baki ba, saboda haka ɗigon motocin suka kwanta a ƙasan zanen kamar ba sa motsi ko kaɗan.

Da safe na kai wa kawu. Ya duba ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, wannan na'urar taka tana nufin ko mota ɗaya ta shigo ko kasuwa ta cika, duk ɗaya ne?" Mutumin da ya tsufa a cikin wannan sana'a ya san cewa ranar da kaya suka yi yawa farashi yana faɗuwa, kuma bai buƙatar kowa ya koya masa. Ya umarce ni in koma littafi da biro. Na shafe fiye da shekara ina lallashinsa kafin ya yarda da kwamfuta, kuma safiya ɗaya ta rushe wannan yarda.

Sai da na zauna dare biyu kafin na gane cewa kowane ɗigo haɗuwar lambobi biyu ne kawai, don haka dole mutum ya fara yanke shawarar tambayar da yake yi. Tawa ita ce ko yawan motoci yana tafiya da farashi, saboda haka motoci ya kamata su zauna a jerin hagu, farashi ya bi su, kwanan wata kuma ya fita daga zanen. Idan ana son ƙara abu na uku mai ma'auni dabam, akwai ma'auni na biyu da ake buɗewa a gefen dama, akwai zanen kumfa wanda girman ɗigo yake nuna adadi na uku, ko kuma a raba shekarun kowace da launinta, wanda shi ne ya fi yi mini amfani, domin farashin 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ba ya zama wuri ɗaya da na 2021. Ko ɗaya daga cikin waɗannan malamin bai ambata ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi ɓata mini rai. A makonnin da suka biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakoki kaya suka maƙale a hanya, na rubuta kalmar "babu" a gurbin motoci maimakon sifili. Kalma ɗaya tak a jerin hagu ta isa ta sa Excel ya watsar da lambobin gaba ɗaya ya jera ɗigon a kan 1, 2, 3, ba tare da wani gargaɗi ba, zanen kuma ya fito tsaf kamar na gaskiya. Mutum nawa ne a Nima da Mamobi suke kallon irin wannan zane yau suna yanke shawarar kuɗi da shi?

Ina roƙon ku dawo da malamin ya gyara maganarsa da bakinsa, ya bi matakan a hankali da misalin kasuwa. Sannan ku duba lokacin shirin, domin yana cin karo da sallar Magariba, kullum sai mun rasa tsakiyarsa.

Naku,
Mai sauraro daga Nima, Akara