Rani ya shigo, a duba haɗin kulorin da kwalin allurai a asibitocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Mu wasu ma'aikatan jinya ne da ungozomomi, muna roƙon ka ba mu fili tun zazzaɓin Lassa bai yi ƙamari ba, domin tsakanin Disamba da Maris ya fi kama mutane. Da aka gano cutar a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda ta kashe, kuma a Janairun 2020 Kano ta yi rashin likitoci biyu sanadiyyarta. Kowace shekara ana shelar a wanke hannu, amma ba a cika bayyana inda aikin ke lalacewa a cikin ɗakin marasa lafiya ba.

Babbar matsala ita ce haɗin ruwan kulorin, wato bilic da ake sirkawa da ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. A wurare da dama mai shara kan tsiyaya bilic a bokiti da ido, idan wari ya tashi sai a ce ya yi. Wari ba ma'auni ba ne. Bilic ɗin da aka fi samu a kasuwa, irin su Jik, ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, amma a karanta jikin robar tukuna. Don goge jini, amai, gado da ƙasa, ana buƙatar kashi 0.5: kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa. Don jiƙa zannuwan gado, sai a ɗebi kofi ɗaya daga wancan haɗin a ƙara ruwa kofi tara, ya zama kashi 0.05. A haɗa sabo kullum da safe, a rubuta ƙarfinsa da kwanan wata a jikin bokitin, a rufe shi, a kauce wa rana, don zafi da haske suna kashe ƙarfinsa. Kuma jini da ƙazanta suna cinye kulorin, saboda haka sai an kwashe su, an wanke wurin da sabulu, sannan a zuba haɗin a bar shi kamar minti goma kafin a goge. Wanda ya zuba ya goge nan take, bilic kawai ya ɓarnatar.

Safar hannu ma ta zama abin yaudara. Za ka ga safa ɗaya an sa wa wannan mara lafiya kanula (allurar ƙarin ruwa) da ita, an taɓa fayil, an ɗaga waya, an wuce gado na gaba. Mai sanye da ita yana jin ya tsira, alhali shi ke raba ƙwayar cuta gado-gado. Kowane mara lafiya da tasa safar, kuma bayan an cire ta dole a wanke hannu, domin tana iya hujewa ba a gani ba, kuma wajen cirewa ake shafo abin da ke bayanta. Sanitaiza na buƙatar daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe, sabulu da ruwa kuwa daƙiƙa 40 zuwa 60. Idan akwai ƙazantar da ido ke gani, sanitaiza ba ya wadatarwa. Babban yatsa, kan farce da tsakanin yatsu su ake yawan tsallakewa. Roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, da tawul ɗaya a rataye tun safe, sun fi rashinsu illa. Bokiti mai famfo ya isa inda ruwan famfo ba ya zuwa.

Game da allura, mayar mata da murfi da hannu biyu shi ke jawo yawan sukar yatsa. A jefa ta kai tsaye cikin kwalin zubar da allurai, kwalin ya kasance kusa da gado, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Kada a bar allura soke a bakin kwalbar magani don sauƙin ɗiba. Wanda allura ta soka ya wanke da sabulu ƙarƙashin ruwa mai gudu, kada ya matse wurin ko ya zuba bilic, ya kai rahoto nan take. Maganin kariya daga HIV ana fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Ɓoye sukar don tsoron faɗan shugaba ya jefa mutane da yawa cikin haɗari.

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na taifod bayan kwana biyu zuwa uku, a yi zargin Lassa, a keɓe mara lafiyan, a bar masa mai jinya ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ba sai an ga jini ba, don yawancin masu cutar ba sa zubar da jini.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da shugabannin asibitoci su daina barin a aiki 'yan uwan mara lafiya sayo safar hannu a kemis ana tsakiyar karɓar haihuwa. A tanadi ruwa, sabulu, bilic da kofin awo a kowane ɗaki, a koya wa masu shara haɗin nan tare da mu, kuma a yi wa kowane ma'aikaci, har da ɗalibai, rigakafin ciwon hanta nau'in B kyauta, allura uku: ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan jinya da ungozomomi, Kano