Kuɗin ruwa ya hau, kuɗin haya kuwa sau ɗaya ake biya a shekara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Ni dillalin gidaje ne a Kaduna, ina karɓar haya ina kula da gyara a madadin masu gida, akasarinsu 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa.

A shekarar 2024 kaɗai, Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari don daƙile tsadar kaya, bankunan kasuwa kuma suka bi sahu nan take. Akwai wani dattijo da nake riƙe wa gida a Rigasa, ciki da falo shida. Ya ci bashin banki ya yi rufi da filasta, kuma a takardar da ya sa wa hannu an rubuta cewa banki na iya sauya kuɗin ruwa in kasuwa ta sauya. Saƙon waya kawai ya gani, an ƙara masa biyan wata. Shi kuwa haya sau ɗaya ake ba shi a shekara. Da wane ido zai ƙwanƙwasa wa malamin firamare ƙofa a tsakiyar shekara ya ce a ƙaro? Ga siminti da ya ninka kuɗi, ga kwasar masai, ga kwanon da ke yoyo da damina.

Lissafin a fili yake. Gidan da ya ci naira miliyan 20, in ruwan bashinsa ya kai kashi 30, sai ya kawo miliyan 6 a shekara kafin a taɓa uwar kuɗin. Babu gidan talakawa a Rigasa da ke kawo haka. Dole mai gida ya sayar, ko ya ɗora wa ɗan haya, shi ma iyali gare shi.

Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba da rance a kan kashi 6 har tsawon shekara 30, amma na masu zuba kashi 2.5 na albashinsu a Asusun Gidaje ne, kuma na gidan da mutum zai zauna. Ina kira a buɗe wa ƙananan masu gina gidajen haya tasu ƙofar, da sharaɗin ba za su tsawwala haya ba. Ai su ke tsugunar da yawancin mutanen birni.

Mutanenmu da yawa ma tsoron riba ya hana su kusantar banki. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha, inda ake yanke farashi tun ranar ƙulla ciniki, ba ya motsi. Sai dai banki na neman takardar shaidar mallaka, gidajenmu da dama kuwa takardar mai unguwa ce da su. Gwamnatocin jihohi su rage kuɗi da jeka-ka-dawo wajen fitar da takardar shaidar mallakar, don Allah.

Naku,
Wani dillalin gidaje,
Rigasa, Kaduna