Amsa ga Alhajin da ya ce na ƙanƙame makulli

Assalamu alaikum Alhaji,

A taron matasan Nima, unguwarmu ta Accra, a gaban kowa, ka tambaye ni me ya sa na ƙanƙame manhajar lissafin adashe da muka saki kyauta na hana yara sa hannu, kuma ina kuɗin da Turawa ke turo mini.

Zancen kuɗi gajere ne: babu. Ko OpenSSL, manhajar tsaron bayanai ta kyauta da bankunan duniya suka jingina da ita, gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba lokacin da babbar matsalar tsaronta mai suna Heartbleed ta ɓulla a 2014. Balle mu 'yan Zango.

Wanda ya sosa mini rai shi ne na yara. Alhaji, manhajar tana GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, a buɗe, kowa na iya kwafa, ya gyara, ya turo. Abin da na riƙe shi ne ikon shigar da gyara cikin uwar manhajar, kuma ba zan raba shi kamar goron suna ba. Ka tambayi masu faɗa maka magana labarin xz, wata manhajar matse fayil ta kyauta. Mai kula da ita, Lasse Collin, ya gaji, ana ta matsa masa ya nemi mataimaki, har ya amince da wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya yi kusan shekara biyu yana aikin kirki. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ɓarauniyar ƙofar da aka dasa a ciki. Tamu kuwa kuɗin mata masu koko da waake take ƙirgawa.

Wata yarinya daga Maamobi ta lura haruffan ƙ da ɗ suna fitowa kamar akwati a rasit. Ta turo gyara, na mayar mata, ta sake, muka bi layi-layi har ya zauna. Daga nan ta kama amsa koke-koken masu amfani, aikin da kowa ke gudu. Yau makulli na hannunta. Ɗan yayanka da kake wa kamfe fa? Ko saƙon kuskure ɗaya bai taɓa turowa ba, sunansa kawai yake so a gani.

Ga shi shagonka da manhajar nan yake aiki, in ta tsaya cikin dare ni ake bugawa, ko ana dumsor, wato an ɗauke wuta. Ban taɓa kawo maka takardar biya ba. Masu hali a unguwar nan sun iya yanka rago a walima, amma kuɗin data na ɗalibi biyu ya gagara.

Muna zama da masu koyo duk Asabar bayan la'asar. Ka turo yaron da kwamfutarsa, akwai ƙananan gyare-gyare da ke jiran mai yi.

Wassalam,
Mai kula da manhajar