Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai: shekarar da muka rasa Malam

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya.

Rahoton bana ya zo da nauyi, domin shi ne na farko da kwamitin zartarwa ya rubuta ba tare da Malam ya duba shi da jan bironsa ba. Kamar yadda kuka sani, Allah ya karɓi ran malaminmu na kimiyya kuma uban wannan ƙungiya a farkon bazara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa bakin wahalarsa ke nan, ya ba iyalansa haƙuri. Muna godiya ga waɗanda suka halarci jana'iza da zaman makoki, da waɗanda suka aiko da gudummawa daga nesa. An damƙa ta hannun iyalin gaba ɗaya.

Ƙananan 'yan uwa da ba su riske shi a aji ba sun sha tambayar me ya sa manya ke maganarsa haka. Dalilin shi ne Malam bai yarda a koyar da ilimin halittu a kan allo kaɗai ba. In darasi ya zo kan tsirrai, sai ya ajiye alli ya ce a fita. Yawancinmu a gindin gawo muka fara fahimtar kimiyya. Da damina zai tsayar da mu a gonar bayan makaranta, ya sa mu ɗaga kai mu ga bishiyar tsirara babu ganye, alhali tsamiya da kuka sun yi shar. Sai ya ba mu igiya mu auna geron da ke ƙarƙashinta da wanda ke nesa, kowa ya rubuta a littafinsa. Ba ya faɗin amsa a ranar. Sai rani ya kama, gawo ya yi ganye, awaki suna rububin 'ya'yansa, sannan ya mayar da mu wurin ya sa mu haɗa lissafin da kanmu: ganyen da ya zuba ya zama taki daidai lokacin shuka, rana ta samu hanyar kaiwa ga geron, saiwar kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Darasi ɗaya ya kan ɗauke shi rabin shekara, kuma bai taɓa ganin an ɓata lokaci ba.

Saboda haka a taron gaggawa bayan rasuwarsa aka ajiye shawarar buga kalanda mai hotonsa, aka amince kuɗin su tafi wajen fitar da ɗaliban makarantarmu na yanzu yawon karatu. Wasu ba su ji daɗin hakan ba, mun kuma fahimce su. Amma kwamiti na da yaƙinin cewa abin da shi zai zaɓa ke nan.

Fita ta farko a cikin birnin Kano muka yi ta. Aka hau Dala da sassafe, yara suka ɗebi jan dutsen marmara suka ji yadda mutanen da suka fara zama a wurin suka narka tama suka fitar da ƙarfe. Daga nan aka gangara marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana aiki tun 1498. A nan ne abin ya fi kama zukatansu. Wani dattijo marini ya tsoma farin ƙyalle a ramin da aka jiƙa baba da toka da katsi, ya ciro shi kore-kore, ya ɗaga shi cikin iska, yara suna kallo yana rikiɗewa zuwa shuɗi a hannunsa. Malamar sinadarai da ta raka mu ba ta sha wahalar bayanin aikin iskar oksijin ba, sun riga sun gani da idonsu.

Da kaka muka kai su madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Da hunturu kuma aka je dausayin Baturiya a Jihar Jigawa, ɗaya daga wuraren da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2008. Da gangan muka jera su haka, don tsarin Malam ne: a nuna wa yaro inda aka tare ruwa, sannan a bi shi ƙasa a ga abin da tarewar ta haifar. Ruwan Kogin Kano, wanda aka tare a Tiga, yana shiga Kogin Haɗeja, ya bi ta Nguru da Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Tun da madatsun Tiga da Chalawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa da janyewa, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan baki mai ɓarnar hatsi. Masunta da manoman yankin ne suka yi wa yaran wannan bayani da bakinsu. Sun kuma ga belbela da dinya da kirinjijiya, da baƙin tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai don guje wa sanyi. Madubin hangen nesa na Malam, wanda iyalansa suka ba ƙungiya, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har magariba.

Tafiyar Yankari ba ta yiwu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin hayar mota ya fi ƙarfin asusunmu. Ta Falgore kuma iyaye sun nuna fargaba kan tsaro, muka janye ta ba tare da jayayya ba.

Akwai abin da ya fi waɗannan damunmu. 'Yan mata kaɗan ne suka samu izinin zuwa Tiga da Baturiya, alhali a zamanin Malam gida-gida yake bi yana roƙon iyaye, ya kuma tafi da maiɗakinsa don hankalinsu ya kwanta. Muna roƙon yayyenmu mata, musamman malamai da ma'aikatan jinya, su shigo wannan aiki su riƙa rakiya.

Na biyu, sunayen tsirrai da tsuntsaye da taurari da ya sani da Hausa yawancinsu a kansa suke. An samu tsofaffin littattafan rubutunsa kaɗan, gara ta taɓa wasu. Mun fara kwafe su a kwamfuta, amma giɓin da yawa. Duk wanda ya ajiye littafinsa na fita daji, ko da ya yage, ya taimaka ya kawo. Za a ɗauki hotonsa a mayar masa.

Dashen gawo, ɗorawa da aduwa da aka yi a harabar makaranta da damina ya kama, sai dai awaki sun cinye na gefen katanga, ana bukatar shinge kafin rani ya yi nisa. Ma'aji zai karanta cikakken lissafin shiga da fita a babban taro, inda za a kuma zaɓi wanda zai jagoranci kwamitin fita na baɗi. Masu bashin kuɗin wata a daure a biya kafin ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa